LITTAFI DABAN, SITO DABAN: JAWABI KAN BINCIKEN JINI DON KAWAR DA ƘYANDA DA RUBELA

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani ɗan kwamitin walwala na ƙungiyarmu, ɗan kasuwa a nan Sabo, Badun, ya gabatar a madadin kwamitin a wurin babban taron ƙungiya.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban wannan taro, iyayenmu mata, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na goro da na dabbobi da na gwari, matasanmu, da sauran jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin magana a kan abu guda. Akwai wani irin bincike da ma'aikatan lafiya suke yi, su bi gida-gida su ɗebi ɗigon jini daga yatsun yara da manya, domin su gane mutum nawa ne jikinsu ya riga ya sami garkuwa daga ƙyanda, wato baƙon dauro, da kuma rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus. Mun san da jin an ce "ɗibar jini" gaban wasu ya faɗi. To, a yi haƙuri a saurare mu har ƙarshe. Mu 'yan kasuwa ne, don haka da harshen kasuwa za mu yi bayanin, yadda muka fahimce shi bayan mun zauna da masu aikin lafiya mun yi musu tambayoyi.

CUTUTTUKAN GUDA BIYU

Ƙyanda dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ko da yake baƙo muke kiranta. Zazzaɓi mai zafi, tari, mura, jan ido, sannan ƙuraje su feso daga fuska su gangara jiki. Cikin rani take ƙamari, tun daga bayan sanyi har zuwa bazara. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne irin saurin yaɗuwarta. A inda babu mai garkuwa, yaro ɗaya zai iya shafa wa mutum 12 zuwa 18. In mutum goma marasa garkuwa suka zauna ɗaki ɗaya da mai ita, tara za su kamu. Ko mai cutar ya fita daga ɗakin, ƙwayar tana iya zama cikin iska har awa biyu tana jiran wanda zai shigo. Ku dubi yadda muke kwana a gidajen haya na nan Sabo, ku dubi makarantunmu na allo da na Islamiyya, sai ku auna da kanku.

Kuma kisa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.3 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 107,500 suka rasu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wanda ya tsira ma takan bar shi da makanta, ko kurunta, ko ta rarake masa garkuwar da jikinsa ya tara ta wasu cututtuka, ka ga yaro ya warke daga ƙyanda amma ya yi ta fama da gudawa da ciwon haƙarƙari wata da watanni. A nan ƙasar Yarabawa, a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, wani likitan yara ɗan Ingila mai suna David Morley ya yi aiki tun ƙarshen shekarun 1950, yana cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya irin ɓarnar da ƙyanda ke yi wa yaran Afirka ta Yamma. Allurarta ta fito a 1963. Ke nan fiye da shekara 60 ana da makamin, amma har yau muna binne yara.

Ita kuwa rubela halinta daban ne. In ta kama yaro, ɗan zazzaɓi ne da 'yan ƙuraje na kwana biyu ko uku, wani ma ba za a san ya yi ta ba. Matsalarta tana ga mace mai ciki. In ta kama mace a watanni ukun farko na ciki, to a cikin goma har tara za ta iya taɓa abin da ke cikin: ko ɓari, ko a haifi jariri ba rai, ko a haife shi kurma, ko da yana a ido, ko da lalurar zuciya. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ya fara gano wannan a 1941. A Amurka, annobarta ta 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kimanin 20,000 da irin wannan naƙasa. Iyayenmu mata, wannan maganar taku ce. Yaro nawa muka gani an haifa kurma aka ce iska ce ta shafe shi?

LITTAFI YA CE, SITO YA CE

To, yanzu mu zo ga dalilin ɗibar jini.

Kowane ɗan kasuwa a nan ya san littafi daban, sito daban. Littafi zai ce maka buhu 200 suka shigo, 120 suka fita, saura 80. Amma ranar da ka buɗe sito ka ƙirga da hannunka, sai ka tarar da 71, a cikinsu ma biyar ruwa ya taɓa su. Ba lallai wani ya yi sata ba. Wani lokaci yaron shago ya rubuta sau biyu, wani lokaci ya manta, wani lokaci gara ce ta yi nata aikin. Shi ya sa maigida mai hankali ba ya dogara da littafi kaɗai. Gani ya kori ji.

Haka su ma hukumomin lafiya suke da littafi. Suna rubuta allura nawa suka fitar, yara nawa aka yi wa, sai su raba da yawan yaran da suke zaton akwai a yankin. Amma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, tun daga nan hasashe ake yi. Shi ya sa wani lokaci littafi kan nuna an yi wa yara fiye da kashi 100 cikin 100 a wata ƙaramar hukuma, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Da aka bi gida-gida a babban binciken lafiya na ƙasa na 2018, aka duba kati aka tambayi iyaye, sai aka ga kashi 54 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyu suka sami allurar ƙyanda.

Shi ma katin da tambayar iyaye ba su gama magana ba. Kati yakan ɓace a wurin ƙaura. Uwa takan manta, ko ta ɗauka ɗigon shan-inna da aka yi wa yaro a baki ya wadatar da komai, alhali ita ta ƙyanda allura ce a dantse. Sannan ba kowace allura ke kamawa ba. Maganin ba ya son zafi, ba ya son hasken rana. In firij ya mutu a hanya ƙarfinsa yakan ragu, in an haɗa shi da ruwansa kuma dole a zubar da ragowar bayan awa shida. Ko da komai ya tafi daidai, allurar da ake yi wa yaro ɗan wata tara tana kama kimanin 85 ne cikin 100. Shi ya sa aka ƙaro ta biyu a wata 15, wadda aka fara a nan jihohin Kudu a 2019. Da allura biyu, kimanin 97 cikin 100 suke samun kariya.

Bari mu yi lissafin kasuwa. A ƙaddara an haifi yara 100 a unguwa bana, 60 aka kai allura sau ɗaya. Cikin 60 ɗin, 51 ta kama. Saura 49 a buɗe. Baɗi a sake tara wasu 49. Cikin shekara biyu kun tara yara kusan 100 marasa garkuwa, daidai da haihuwar shekara guda cur. Masana sun ce da zarar adadin ya kai haka, to annoba na bakin ƙofa. Tamkar bashi ne da ake ta jibgawa, ba ya ciwo sai ranar biya. Kuma saboda saurin yaɗuwar ƙyanda, sai kimanin kashi 95 cikin 100 na jama'a sun sami garkuwa kafin ta rasa hanyar wucewa.

To, binciken jini shi ne buɗe sito a ƙirga.

YADDA AKE YIN SA

Duk wanda ya taɓa yin ƙyanda ya warke, ko aka yi masa allura ta kama, jikinsa yakan ƙera wasu sojoji na musamman waɗanda suka san wannan cuta, su zauna a cikin jininsa shekara da shekaru. Haka ma rubela, da nata sojojin daban. Su ake nema a cikin ɗigon jinin. In an same su da yawan da ake buƙata, sai a rubuta wannan yana da garkuwa. In babu, a rubuta a buɗe yake.

Galibi ɗan tsinke ne sabo, daga cikin ledarsa, za a tsira a kan yatsa, a ɗiga jini kaɗan a kan wata takarda mai tsotsewa, a bar ta ta bushe, a sa mata lamba, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Wani lokaci kuma da sirinji ake ɗiba a hannu, abin da bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Jinin da mutum ke zubarwa in ya yanke da reza wurin aski ya kai na takardar nan.

Ba kowa ake ɗiba wa ba. Masu goro sun fi kowa gane wannan. In za ka sayi huhu, ba ka ƙirga goron ɗaya bayan ɗaya. Kana zura hannu ne ka ɗebo na sama, ka ɗebo na tsakiya, ka ɗebo na ƙasa, daga nan ka san abin da ke ciki. Amma in mai kaya ya ce na sama kaɗai za ka duba, ka san an shirya cutar ka. Haka binciken yake. Ana zaɓen unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, a ɗebi na jarirai, na 'yan makaranta, na samari da 'yan mata, na mata masu haihuwa. In aka haɗa sakamakon sai ya nuna inda giɓi yake: 'yan shekara nawa ne a buɗe, maza ne ko mata, a wane yanki suke. Da wannan hukuma za ta san wa za ta nufa da allura, maimakon ta yi ta harbi cikin duhu.

Kada a haɗa shi da gwajin da ake yi wa yaron da ke kwance da ƙuraje. Shi wancan don a tabbatar ne ko ƙyanda ce ke damunsa a yanzu. Wannan kuwa masu lafiya ake yi wa.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA GANI DA SUKA BUƊE SITO

A Ingila, a farkon shekarun 1990, littafinsu yana da kyau, ana yi wa jarirai allura sosai. Amma da suka auna jinin da ke ajiye a ɗakunan gwaje-gwajensu, sai suka ga marasa garkuwa suna taruwa a cikin 'yan makaranta. Masana suka yi lissafi suka ce in ba a yi wani abu ba, annoba na tafe da za ta kama mutum 100,000 zuwa 200,000. A watan Nuwamba na 1994 aka bi makarantu aka yi wa yara 'yan shekara 5 zuwa 16 allurar ƙyanda da rubela, aka sami fiye da kashi 90 cikin 100. Annobar ba ta zo ba.

A Koriya ta Kudu sai da ta zo tukuna. Tsakanin 2000 da 2001 mutum fiye da 55,000 suka kamu. Gwamnati ta auna jinin yara kimanin 18,000 'yan shekara 7 zuwa 18, ta ga inda giɓin yake, sannan a 2001 ta yi wa yara kusan miliyan 6 'yan shekara 8 zuwa 16 allura. A 2006 ƙasar ta ba da sanarwar ta kawar da ƙyanda.

'Yan'uwa maza, labarin Japan namu ne. Daga 1977, 'yan mata 'yan makaranta kaɗai suke yi wa allurar rubela, tunda su ne za su yi ciki. Aka bar maza. Shekaru suka wuce, waɗannan yaran maza suka zama magidanta. A 2013 rubela ta ɓarke, mutum fiye da 14,000 suka kamu, akasarinsu maza manya, suka kai ta gida da wurin aiki. Jarirai 45 aka haifa da naƙasa sakamakon wannan annoba. Binciken jini da suke yi duk shekara ya nuna musu ainihin sa'o'in da ke a buɗe, don haka daga 2019 suka riƙa aika wa mazan da aka haifa tsakanin 1962 da 1979 takardar gwajin jini kyauta, wanda ba shi da garkuwa a yi masa allura. Kun ga ashe maigida ma zai iya zama shi ya kawo wa matarsa mai ciki cutar ba tare da ya sani ba.

Na ƙarshe, Girka, kuma a nan muke so a buɗe kunne. Su sun fara allurar rubela ga yara, amma sama-sama, waɗanda aka yi wa ba su kai rabi ba duk tsawon shekarun 1980. Abin da ya faru shi ne cutar ta ragu har ba ta kama yara tun suna ƙanana kamar da, amma ba ta ƙare ba. Sai 'yan mata suka riƙa girma ba allura, ba su kuma yi cutar ba, har suka kai aure a buɗe. Gwajin jinin masu ciki ya yi ta nuna adadin marasa garkuwa yana hawa. A 1993 annoba ta zo, aka haifi jarirai 25 da naƙasar rubela. Darasin shi ne, allurar rubela in an fara ta dole a riƙe ta da ƙarfi. Rabi-da-rabi ya fi haɗari.

A NAN GIDA NIJERIYA

An taɓa buɗe namu siton. A 2018 an yi wani babban binciken ƙasa kan cuta mai karya garkuwar jiki, aka ɗebi jini a duk jihohi. Waɗanda suka amince a ajiye ragowar jininsu don wasu gwaje-gwaje, an ajiye. Daga baya hukumar NCDC, a babban ɗakin gwajinta da ke Gaduwa a Abuja, ta auna na yara sama da 30,000 'yan ƙasa da shekara 15, ɗigo ɗaya ana duba masa cututtuka da dama a lokaci guda, har da ƙyanda da rubela da sandar wuya da mashaƙo. Kun ga ba sai an sake bin gidaje ba, an jefi tsuntsu da yawa da dutse ɗaya.

Amma fa ƙidayar 2018 ta 2018 ce. Babu ɗan kasuwar da zai yi ciniki yau da lissafin sitonsa na shekarun baya. Bayan ta an yi annobar korona a 2020, wadda ta dagula aikin allurar yara a duniya. Sannan a watan Oktoba na 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da babban gangamin allurar ƙyanda da rubela a haɗe, ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, karon farko da rubela ta shiga tsarin allurar gwamnati na ƙasa baki ɗaya. Zangon farko ya ƙunshi jihohin Arewa da Abuja, da kuma jiharmu ta Oyo, aka tsara sauran jihohin Kudu a zango na biyu. An kuma tsara cewa daga nan wannan haɗaɗɗiyar allurar ce za ta maye gurbin ta ƙyanda zalla a asibitoci.

Bayan irin wannan gangami tambayoyi sukan taso. Yara nawa ne da gaske suka samu? Nawa ta kama? 'Yan matan da suka haura shekara 14 a lokacin, waɗanda su ne amaren yau da gobe, nawa ne a cikinsu ba su taɓa yin rubela ba, ba su kuma shiga gangamin ba? Littafi ba zai amsa wannan ta ƙarshe ba ko kaɗan, domin babu shafin da aka rubuta su. Jini ne kaɗai zai faɗa. Indiya da Zambiya duk sun yi irin wannan awo bayan nasu gangamin. A Indiya an auna wasu gundumomi kafin gangami da bayansa, aka ga garkuwar rubela ta tashi ƙwarai, ta ƙyanda ita ma ta ƙaru amma da sauran giɓi a cikin ƙananan yara a wasu wuraren.

Kuma abin mai yiwuwa ne. Ana cewa ƙasa ta kawar da cutar in aka yi wata 12 ba ta yawo daga wannan zuwa wancan a cikin gida, kuma sai an yi wata 36 a haka kafin a tabbatar mata. A watan Nuwamba na 2025 aka tabbatar wa ƙasashe uku na Afirka, wato Kef Bade da Morishiyos da Seshel, cewa sun kawar da ƙyanda da rubela. A cikin watan nan dai Kanada ta rasa nata matsayin saboda cutar ta dawo ta yi shekara tana yawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MU DA MUKE TSAKANIN LITTAFI BIYU

Jama'a, ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye, mu mazauna kurmi.

Matanmu da yawa sukan tafi gida haihuwa ko wankan jego, su dawo bayan wata uku ko shida. An fara wa yaro allura a Kano ko Sakkwato ko Katsina, katin ya zauna can wurin kaka. Lokacin ta wata tara ya yi yana kan hanya. Can sun ɗauka ana yi masa a nan, nan sun ɗauka an yi masa can. Muna karɓar riƙon 'ya'yan 'yan'uwa. Almajirai na zuwa bayan kaka. Samari na sauka daga tirela kullum, wasu daga ƙauyukan da rashin tsaro ya hana ma'aikatan lafiya shiga shekara da shekaru. Duk waɗannan namu ne, kuma yawancinsu babu su a littafin Arewa, babu su a littafin Oyo.

Yanzu a ce masu binciken jini sun zo, ƙuri'a ta faɗo kan wasu gidaje a Sabo, mun rufe ƙofa. Me zai faru? Za su auna maƙwabtanmu su rubuta sakamako. In maƙwabta sun kai kashi 95, takarda za ta ce wannan yanki lafiya lau, babu buƙatar ƙarin allura. Mu ne goron ƙasan huhu da ba a duba ba. Ranar da cutar ta shigo, 'ya'yanmu za ta samu a buɗe. Kuma kun san halin zaman baƙunta, in ta ɓarke a unguwarmu, bayan rashin da za mu yi, har da gori za mu sha a ce mu muka kawo ta.

TSORON DA KE ZUKATA

Ba za mu ce masu ɗari-ɗari ba su da dalili ba. Kowa ya san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada wani sabon magani a kan yara, maganar da ta kai ga kotu. Kowa ya tuna 2003 da aka dakatar da allurar shan-inna a wasu jihohin Arewa saboda zargi. Amma mu tuna ƙarshen labarin. Dakatarwar ta sa cutar ta bazu ta gurgunta yara har a wasu ƙasashe, kuma da aka koma aka riƙe allurar, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna.

A binciken jini ba a sa wa yaro komai a jiki, ɗigo ake ɗiba. Duk da haka muna da haƙƙi, kuma ya kamata mu san shi. Dole mai bincike ya nuna katin shaidarsa da takardar izini daga hukumar lafiya. Dole ya yi bayani da harshen da muke ji: me za a auna, ina za a kai jinin, za a ajiye ragowar ko za a zubar. Dole a nemi amincewar uba ko uwa kafin a taɓa yaro, kuma wanda ya ce a'a babu mai tilasta masa. Ba a biyan ko sisi. Tsinken ya zama sabo, a buɗe shi a gabanka. Wanda ya zo ba da waɗannan ba, a kai shi gaban Sarki. Wanda ya zo da su kuwa, a shimfiɗa masa tabarma.

Ya kamata kuma a san iyakar binciken, kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Ba magani ba ne, ba kuma allura ba ne; ƙirga kaya ba ya ƙara ko buhu ɗaya a sito. Ba ya bambanta wanda ya sami garkuwa ta allura da wanda ya same ta ta hanyar jinya. Jariri ƙarami yakan nuna garkuwar da ya aro daga mahaifiyarsa, wadda ke ƙarewa cikin 'yan watanni. Yana da tsada, shi ya sa ba kullum ake yin sa ba. Sau da yawa kuma sakamakon na gari ne gaba ɗaya, ba a dawo wa kowane gida da nasa. Saboda haka kada wani ya ce zai jira a auna ɗansa kafin ya kai shi allura. In kana shakkar an yi ko ba a yi ba, kai shi a yi, ƙari ba ya cutarwa.

ROƘONMU

Kwamiti na roƙon abubuwa biyar.

Na ɗaya, kowane maigida ya koma gida yau ya ce a fito da katunan yara, ya duba da idonsa: akwai ta wata 9? Akwai ta wata 15? In babu, asibitin sha-ka-tafi na gwamnati kyauta ake yi.

Na biyu, duk matar da za ta tafi gida haihuwa ta dawo da katin jariri a cikin kayanta. Matasa masu waya su ɗauki hotonsa su ajiye.

Na uku, masu masaukin baƙi da malaman tsangaya, duk yaron da ya sauka a hannunku, ku tambaya, in babu tabbas ku kai shi.

Na huɗu, iyaye mata, 'yar da ake shirin aurarwa wadda gangamin 2025 bai same ta ba, a je a nemi shawarar ma'aikatan lafiya tun kafin biki. Ba a yi wa mai ciki wannan allura, kuma wadda aka yi wa ana so ta dakata wata guda kafin ɗaukar ciki. Mai ciki kuma in ta ga ƙuraje da zazzaɓi a jikinta ko a jikin wani a gidan, ta hanzarta zuwa awo. Yaron da ƙyanda ta kama a kai shi asibiti a ba shi bitamin A, kada a ɗiga masa komai a ido.

Na biyar, muna roƙon mai girma Sarki da shugabannin ƙungiya su sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma cewa duk ranar da za a yi irin wannan bincike, a fara zuwa fada, mu kuma za mu ba da 'ya'yanmu maza da mata masu ilimi su yi rakiya da tafinta, musamman mata da za su shiga cikin gidaje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kakanninmu sun kafa wannan unguwa fiye da shekara ɗari, da amana da iya lissafi suka riƙe ta. Mun san yawan huhunan da ke rumfunanmu, mun san yawan shanun da ke kara. Ya kamata mu san yawan 'ya'yanmu da ke da kariya da waɗanda ke a buɗe, mu kuma bari a taya mu ƙirgawa.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.